Tambaya da Amsa: Dattawan Fim da Rawar da Aka Ɗaure Su a Kanta

Daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, guda huɗu sun faɗo a kan magana ɗaya, wato tsofaffin 'yan fim da irin rawar da ake ba su, saboda haka muka haɗa su wuri guda. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin domin fili ya ishe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni tela ne a unguwar Yelwa a nan Garwa, kuma a shagonmu ba a kashe talabijin daga safe har dare in dai akwai wuta. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokan aikina. Ni na ce tsofaffin 'yan fim ɗin Hausa abu ɗaya kawai kowannensu ya iya: mai fitowa uba kullum uba ne, mai fitowa boka kullum boka ne, marigayiya Daso kuma ban taɓa ganinta ba sai cikin masifa. Su kuwa suka ce ba laifin 'yan wasan ba ne. Don Allah a raba mana wannan gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma babu mai kallon finafinan Hausa da zai musa shi, amma hukuncin da ka ɗora a kansa ya yi tsauri. Ɗan wasa ba ya zaɓar wa kansa rawa. Furodusa ne mai kuɗi, darakta ne mai rabon aiki, kuma dukansu biyun sai sun dubi kasuwa kafin su ɗaga waya su kira kowa. Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin farkon fim ɗin Hausa na bidiyo da ya shiga kasuwa, sana'ar ta ginu ne a kan sayar da kaset, daga baya kuma faifan CD. A wancan zamani dillalai irin na kasuwar Ƙofar Wambai su ne suke karɓar fim su rarraba shi, har ya biyo ta Maiduguri ko Mubi ko Yola ya iso hannunmu a Marwa da Garwa, kuma abin da dillali yake fara dubawa shi ne fuskokin da ke jikin fasta. Idan ya ga wanda aka sani da barkwanci, ya san masu son dariya za su saya, idan kuma ya ga wadda aka sani da masifa, ya san akwai rikicin gida a cikin labarin kuma mata za su nema. Furodusan da ya ci bashi ya yi fim ba zai yarda ya yi caca da wannan tabbaci ba domin kawai ya nuna wa duniya cewa wane ya iya wani abu dabam.

Marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na shekarar 2014, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Tsohon ma'aikacin gidan yari ne da ya shigo wasa, sunan Ibro ya bi shi har ya zama jari, ana sanya shi a gaban sunan fim domin fim ɗin ya saidu. A zamaninsa masana'antar ta raba kanta gida biyu, 'yan camama masu barkwanci da 'yan santimental masu labaran soyayya, kuma wanda aka sani a gida ɗaya da wuya a buɗe masa ƙofar ɗayan. Sai dai duk wanda ya zauna ya lura da Ibro zai ga cewa a cikin barkwancin nan nasa yana sauya murya da tafiya da yadda yake zare ido gwargwadon mutumin da yake kwaikwayo, direba ne ko malamin tsibbu ko baƙauyen da ya shigo birni, kuma ya san daidai lokacin da zai saki magana da lokacin da zai yi shiru ya bar fuskarsa ta ƙarasa zancen. Mutumin da ya riƙe dariyar jama'a shekara da shekaru, daga Kano har Yamai har Injamena, ba a ce masa bai iya wasa ba.

Dalili na biyu yana cikin yadda ake ɗaukar fim ɗin kansa, kuma shi ne wanda mai kallo ba ya gani. Sau da yawa dattijo ko dattijuwa ba a ba su labarin fim tun da wuri su karanta. Ana kiran mutum ne ya zo lokeshan ranar da za a ɗauki fitowarsa, ya taho da manyan riguna biyu ko uku a jaka, a zaunar da shi a kan kujera a falon gidan da aka ara, darakta ya tsaya a kansa ya ce, kai ne mahaifin wance, ka riga ka yi wa abokinka alkawarin aurenta, yanzu za ta shigo ta durƙusa tana kuka, kai kuma ka nuna mata ba ka magana biyu. A ɗauka. Ya shiga ɗaki ya sauya riga da hula, ya dawo kan kujerar nan, a ce masa yanzu an yi wata shida, auren ya lalace, nadama za ka yi. Kafin la'asar an gama da shi an sallame shi, wataƙila ma akwai wani lokeshan ɗin da ke jiransa da yamma, inda zai sake zama mahaifin wata. Wanda bai san farkon labari ba, bai san ƙarshensa ba, bai kuma san wane irin mutum ne wannan uba kafin ya zama uba ba, babu abin da zai dogara da shi sai abin da ya yi jiya aka ce ya yi kyau. Kai da kake tela, da a ce shekara ashirin wando kaɗai ake kawo maka ɗinki, ba adalci ba ne wani ya zo ya ce ba ka iya babbar riga ba.

Su ma labaran haka suke. Mafi yawan finafinan da suka yi tashe tun daga ƙarshen shekarun 1990 labaran soyayyar samari da 'yan mata ne, da waƙa da rawa irin na finafinan Indiya, kuma a cikin irin wannan labari aikin babba shi ne ya hana ko ya yarda, ya tsine ko ya sa albarka. Ba a rubuta masa nasa buri ko nasa tsoro, ba a nuna shi a wajen sana'arsa ko a cikin abokansa, ba mu san abin da yake hana shi barci ba in ba auren 'yarsa ba. Alhali kuwa duk wanda ya zauna da dattawan kasuwar Garwa ya san cewa rayuwar mai shekara sittin cike take da labari: bashin da ya danne shi yana ɓoyewa, ɗan'uwan da suka raba gado suka daina gaisawa, ƙarfin da yake raguwa yana ƙin yarda, yaran da ya tura karatu Yawunde suka dawo ba sa jin Hausa sosai. Marubutanmu ba su cika shiga nan ba.

Akwai kuma hannunmu a ciki, mu masu kallo na wannan yanki musamman. A Garwa da Marwa da Ngaundere mutane da yawa da ke kallon fim ɗin Hausa Fulatanci ne harshensu na yau da kullum, a Injamena kuma Larabcin Chadi, Hausar tasu ta ciniki ce da gaisuwa. Abin da yake taimakonsu su bi labari shi ne sanin fuska, domin da zarar wane ya shigo an san mugu ya zo, da zarar wance ta ɗaura ɗankwali ta riƙe ƙugu an san amarya ta shiga uku. Haka iyayenmu suka kalli finafinan Indiya a silima ba tare da sun ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba, suna gane bos tun daga fitowarsa ta farko. Mai kallo yana jin daɗin wannan sabo, kuma shi ne zai fara ƙorafi ranar da aka sauya masa.

Game da ko sun iya wani abu dabam, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma inda aka gwada an gani. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a shekarar 2017, ya ba mutane dariya a wasan Karambana na talabijin, ya fito a shirin Magana Jari Ce, sannan ya taka rawar Uncle Gaga cikin harshen Ingilishi a Cock Crow at Dawn, wanda duk Najeriya ta kalla, kuma wanda ya san shi a ɗaya zai yi mamakin ganinsa a ɗayan. Sani Mu'azu, wanda aka saba gani a matsayin alhaji mai natsuwa, ya fito a fim ɗin Lionheart na kudancin Najeriya a 2018 a matsayin hamshaƙin ɗan kasuwa, sannan a Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya zama Gwamna Bawa Maikada, ɗan siyasar da yake murmushi yana shirya makirci. Rabi'u Rikadawa kuwa, da aka ba shi Baba Ɗan Audu a Labarina, ya fito da dattijo mai wayo da son abin duniya wanda yake ba ka haushi da dariya a lokaci guda, har yara suka riƙa kwaikwayon maganarsa a titi. Ba na ganin haɗuwa ce kawai ta sa biyu daga cikin waɗannan misalai suka fito daga finafinai masu dogon zango. Shirin da ake nunawa mako-mako yana buƙatar mutane da yawa masu labarin kansu domin ya cika lokaci, saboda haka dole marubuci ya ba dattijo gida da tarihi da sirri, shi kuma ɗan wasa ya samu watanni yana zama da mutum ɗaya har ya san shi.

Ita kuma marigayiya Daso, wato Saratu Gidado, wadda ta yi aikin koyarwa kafin ta shiga fim a shekarar 2000, kuma Allah ya karɓi ranta a watan Afrilu na 2024 a ƙarshen azumi, ina roƙonka ka sake kallonta da idon basira. Masifar kishiya dabam take yin ta da masifar uwar miji, domin ta farko da kissa da habaici take tafiya, ta biyun kuma da iko da gadara, kuma akan ga wurin da take faɗa da baki alhali idonta yana nuna tsoro. Faɗin iyawar ɗan wasa ana iya gane shi ko a cikin rawa iri ɗaya, idan mutanen da yake fitowa a matsayinsu ba su zama mutum ɗaya ba.

Sai dai kada abokan aikinka su yi murna da yawa, domin kana da taka gaskiyar. Akwai dattawan da suka miƙe ƙafa, suka riƙe murya ɗaya da salati ɗaya da girgiza kai iri ɗaya, har kana iya faɗin abin da za su ce kafin su buɗe baki, kuma ko an ba su rawa mai nama a jiki haka za su taka ta. Waɗannan sun taimaka wajen ɗaure kansu. Amma su ne 'yan kaɗan, kuma ko su ɗin ma tsarin aikin ne ya koya musu cewa ba a neman fiye da haka a wurinsu.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Ngaundere. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, sai in ga jarumin da muke kallo tun muna 'yan mata har yanzu yana fitowa saurayi ko ango, amma matan da suka fara tare da shi sun zama iyayensa a fim, ko kuma sun ɓace gaba ɗaya. Mene ne dalili?

AMSA: Malama, kin taɓo inda abin ya fi ciwo, domin ƙuncin rawa da muka yi bayani a sama ya fi tsanani a kan mata nesa ba kusa ba. Namiji a fim ɗin Hausa yana da matakai da yawa da zai taka: saurayi, ango, magidanci mai neman ƙarin aure, alhaji, ɗan siyasa, sarki, malami. Ibrahim Mandawari ya fara a jarumi tun farkon sana'ar, ya gangaro a hankali zuwa uba da basarake ba tare da ya bar fage ba. Ali Nuhu, wanda Sangaya ta ɗaga shi a 1999, ya daɗe yana fitowa masoyi, ya koma yana haɗawa da rawar uba, ya zama darakta da furodusa, har a watan Janairu na 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta Najeriya. Mace kuwa matakai biyu aka tanadar mata, budurwa da uwa, kuma abin da ke tsakaninsu siriri ne ƙwarai, kishiya ce ko ƙawar da ke zuga amarya.

Al'adar masana'antar ta ƙara wa abin nauyi. Jaruma idan ta yi aure yawanci takan bar fitowa a fim, ko bisa sharaɗin miji ko bisa matsin dangi da jama'a, kuma shekarun da take barin fagen su ne daidai shekarun da ɗan wasa yake nuna, wato lokacin da ya gama koyon tsayuwa a gaban kyamara ya fara sanin rayuwa. Idan ƙaddara ta dawo da ita bayan shekara biyar ko goma, sai ta tarar an cike gurbinta da sababbin fuskoki, abin da ya rage mata shi ne ta yafa mayafi ta zauna a gefen gado ta yi wa wanda suka yi rawa da waƙa tare da shi jiya nasiha a matsayin ɗanta. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Indiya jaruma Rakhee ta fito masoyiyar Amitabh Bachchan a shekarar 1976, sannan a 1982 ta fito mahaifiyarsa, alhali a haihuwa ya girme ta da shekara biyar. Shi kuwa Bachchan da ya tsufa sai aka riƙa rubuta labarai domin shi, har a 2009 ya fito a matsayin yaro mai ciwon saurin tsufa, ɗansa na cikinsa Abhishek ya fito mahaifinsa.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba ta rabuwa da wannan. Rawar uwa fitowa uku ce ko huɗu, kuma da yake sallamar irin waɗannan 'yan wasa tana bin yawan fitowa ne, abin da ake samu kaɗan ne. A farkon shekarar 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin wasannin talabijin kafin a san bidiyo, ta bayyana a hirarta da sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubban naira kaɗan ake ba ta a fim kuma ba ta iya mallakar muhalli da sana'ar ba. Maganar ta tayar da ƙura, wasu manyan masana'antar suka fito suka musa, suna cewa sun biya ta fiye da haka. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya ya fito fili, shi ne cewa wadda take jiran sallamar yau domin cefanen gobe ba ta da bakin da za ta ce wa darakta ta gaji da fitowa uwa. A ganina gyaran yana hannun mata marubuta da mata furodusoshi, waɗanda yawansu yake ƙaruwa, domin su ne suka san cewa mace mai shekara arba'in da biyar tana iya zama 'yar kasuwar da ke safarar kaya tsakanin Ngaundere da Duwala, ko ungozoma, ko shugabar makaranta irinki, kuma labarin ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe.

TAMBAYA: Daga Marwa nake rubutowa. Shin gaskiya ne wanda ya saba fitowa mugu a fim halinsa ne yake nunawa? Kakata ta ce ba a iya kwaikwayon abin da babu shi a zuciya.

AMSA: Ɗan'uwa, a gaishe da Kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, amma a nan ba mu bi ta ba. Da maganarta haka take, da mai fitowa likita ya iya allura. Abin da yake sa a ba mutum rawar mugu yawanci siffa ce, kaurin murya ko girman jiki ko kaifin ido, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna abin da ke cikin zuciya. Abin da yake faruwa da gaske shi ne rawa tana cinye sunan mai ita. Mutane ƙalilan ne suka san Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, amma kowa ya san Samanja Mazan Fama, kuma da yake shi tsohon soja ne sai jama'a suka ɗauka kansa kawai yake nunawa, suka manta cewa Hausar bariki da tsawar nan aiki ne da ya tsara domin ban dariya. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ma har ta koma ga Mahaliccinta a farkon 2010 da sunan Biba aka fi kiranta. Idan mai kallo ya tsani ɗan wasa saboda muguntar da ya gani a fim, shaida ce cewa aikin ya yi kyau, kuma ba hujja ba ce ta munana masa zato.

TAMBAYA: Malam, mu matasa ne a Kusiri, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna ɗaukar gajerun finafinai muna sakawa a YouTube. Akwai wani baba a cikinmu da ya daɗe yana wasan barkwanci a bukukuwa da rediyo, kowa a garin ya san shi da ban dariya. Mun rubuta labarin wani tsohon masunci da ɗansa ya ɓace, muna so shi ya hau, amma wasunmu suna tsoron mutane za su fashe da dariya da zarar sun gan shi. Mu ba shi ko mu nemi wani?

AMSA: Ku ba shi. Ku da ba ku da dillalin da zai ƙi karɓar fim ɗinku saboda fasta, ba ku da dalilin ɗaukar wa kanku ƙa'idar da kasuwar kaset ta haifar a Kano, kasuwar da ita kanta ta mutu tun da waya da intanet suka karɓe kallo. Abin takaici ne yadda ƙananan ƙungiyoyi a garuruwanmu suke kwafo wannan rabon rawa kamar wajibi, kowace ƙungiya da bokanta da masifaffiyarta da wawanta, alhali 'yancin gwaji shi ne babban abin da suka fi manyan kamfanoni da shi.

Misalin da zan ba ku yana tsallaken gadar Ngeli ne kawai, wato a Chadi. Ku nemi finafinan Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe, ku kalli abin da ya yi da ɗan wasa Youssouf Djaoro. A Daratt na shekarar 2006 Djaoro ya fito a matsayin Nassara, mutumin da ya kashe rai a lokacin yaƙin basasa, ya koma mai gidan burodi yana raba wa yara sadaka a ƙofar gida da safe. Yana da rauni a maƙogwaro, ba ya iya magana sai ya kanga wata na'ura a wuyansa, saboda haka kusan duk wasan da hannu da kafaɗa da ido aka yi shi. Ka ga yadda yake dukan ƙullin fulawa, ka san akwai abin da ke cinsa, ka kuma ji tsoronsa ko bai ce komai ba. Bayan shekara huɗu, a Un homme qui crie, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Kan a Faransa a 2010, mutumin nan dai ya zama Adam, tsohon zakaran ninƙaya mai kula da wurin wanka a wani otal na Injamena, wanda aka karɓe aikinsa aka ba ɗansa, shi kuma aka mayar da shi mai gadin ƙofa. Akwai inda yake zaune a bakin ƙofar cikin rigar aikin da ta yi masa kaɗan, kyamara tana matsowa kan fuskarsa a hankali, bai motsa ba, bai yi hawaye ba, amma babu mai kallon da ba zai gane cewa mutumin nan ya karye ba. Fuska ɗaya ce da jiki ɗaya, na farko abin tsoro, na biyu abin tausayi, kuma abin da ya raba su shi ne labarin da aka rubuta da haƙurin darakta.

Tsoron da abokanka suke ji yana da tushe, amma yana da magani. Fitowar Baba ta farko ita ce za ta yanke hukunci, saboda haka kada ku bari ya yi magana a cikinta. Ku nuna shi a bakin kogin Logon da sassafe yana gyaran koma, ko yana jan kwalekwale shi kaɗai a wurin da aka saba ganin mutum biyu, ku bar kyamara ta daɗe a kansa. Wanda ya fara dariya zai yi ta na ɗan lokaci, idan bai samu abin da zai ciyar da ita ba zai yi shiru da kansa. Ku raba shi da duk abin da aka san shi da shi a barkwanci, hular da yake sawa, sandar da yake riƙewa, kalmomin da yake maimaitawa, kuma kada ku haɗa shi a fitowa ɗaya da abokin wasansa na kullum, domin ganinsu tare kaɗai ya isa ya rusa muku aiki. Ba na ba ku shawarar ku cire raha daga labarin ɗungurungum. Mai barkwanci ya fi kowa sanin lokacin magana da lokacin shiru, kuma idan kuka bar masuncin ya yi wasa da jikarsa sau ɗaya a tsakiyar fim, baƙin cikin da zai biyo baya zai fi kama mai kallo.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne ku ba shi lokaci, wanda shi ne abin da ake hana takwarorinsa. Ku kai masa labarin gaba ɗaya makonni kafin ɗauka, har da wuraren da ba ya ciki, ku zauna da shi cikin ladabi ku tambaye shi yadda yake ganin wannan masunci zai yi idan aka zo masa da labari mara daɗi, domin ya ga irin wannan rana a rayuwa fiye da ku, kuma kada ku yi mamaki idan ya gyara muku rubutun. Ku yi gwaji sau biyu ko uku ba tare da kyamara ba. Idan karatun Hausar boko yana yi masa wuya, kamar yadda yake yi wa da yawa daga cikinmu da muka yi makarantar Faransanci ko ta allo kaɗai, sai ɗayanku ya karanta labarin duka da murya ya tura masa ta WhatsApp ya riƙa saurara a gida, amma mai karantawar ya karanta shi a miƙe, kada ya sa masa salon da Baba zai kwaikwaya. Ranar ɗauka kuma ku fara da fitowarsa tun da safe kafin rana ta yi zafi, ku tanadi makirufo mai kyau kusa da shi, domin a wannan rawa ƙasa-ƙasa zai yi magana, ba irin ɗaga muryar da ya saba yi a filin biki ba.